Hoton Inna Tana Kala

Shekarar da aka kawo kwamfutoci lakwal ɗinmu ta Malbaza, wato makarantar da nake koyarwa, ni aka tura horo a Konni. Ba don na iya zane ba. Abin da na iya shi ne jan layi da alli ba tare da ya karkace ba, kuma ni ce ba na guduwa idan aka ce a koya wa yara zane. Direkta ya ce tunda mijina yana aiki a buro, wato ofishin kamfanin siminti, ai na saba da na'ura. Ban musa ba. Da safe sai in hau kabu-kabu zuwa bakin titi, in shiga motar Konni, mu bi bayan manyan motocin siminti har mu isa.

Mai koyar da mu wani magidanci ne daga Yamai, siriri mai tabarau, Hausarsa rabi ce, sauran rabin Faransanci. Mutum ne mai son aikinsa. Ya ce kafin mu koya wa yara yin zane da kwamfuta, sai mun san yadda ita kwamfutar take gani. A wurinta, in ji shi, babu mutum babu doki. Hoto ƙwayoyi ne ƙanana a jere, kamar an baza gero a tabarma, kowace ƙwaya da lambarta. Daga lambobin take gane inda haske ya ƙare duhu ya fara, ta ce ga layi, ga lanƙwasa, ta gwada da tarin hotunan da aka taɓa nuna mata, sannan ta yi hasashen abin da ke ciki.

Don mu gane, sai ya riƙa haska mana shahararrun zane-zanen Turawa a bango, waɗanda ya ce mutane suna ketare teku don su tsaya gabansu. Ya fara tambayarmu abin da muka gani, sannan ya tambayi kwamfuta. Ya nuna wata mata mai murmushi rabi-rabi. Wata malama ta ce wannan tana ɓoye magana a cikinta, muka yi dariya. Kwamfuta ta rubuta: mace, gashi, tufafi mai duhu. Ya nuna mana cewa idonmu fuska yake fara nema, sannan hannu, ita kuwa na'urar sau da yawa gefen abu take bi, inda launi ya rabu da launi. Na ji daɗin kwanakin nan. Na daɗe ban zauna a benci ana koya mini ba.

Wata rana da hantsi ya haska wani zanen. Gona ce bayan girbi, rana ta yi rawaya. Mata uku a gaba, biyu sun duƙa har ƙasa, ɗaya ta ɗan ɗago tana riƙe da ƴan zangarnu a hannu. Can nesa ga tarin amfanin gona kamar rumbuna, ga mutane suna lodi, ga wani bisa doki.

Ya ce, "Me kuka gani?"

Wani ya ce shuka suke yi. Wata ta ce cirar ciyawa. Wani malami ya ce da wasa ko allura ce ta ɓace musu.

Ni kuwa tun kafin hoton ya gama fitowa na san abin da suke yi, don bayana ne ya fara ganewa. Ban yi niyyar magana ba, sai na ji bakina ya ce, "Kala suke yi."

Mai koyarwar ya gyaɗa kai da murna. "E, kalar ta yi kyau. Dubi wannan rawaya."

Waɗanda suka gane suka yi dariya. Wani ya bayyana masa ba launi nake nufi ba, tsintar abin da masu girbi suka bari nake nufi. Ya buɗe ido, ya ce daidai ne, sunan zanen ma ke nan a harshensu. Ya tambaye ni yaya aka yi na gane. Na ce na taɓa gani a littafi.

Daga nan ya ba kwamfuta. Ta ɗan yi jim, ta zana akwati a kan kowace mace, ta rubuta a ƙasan biyun da suka duƙa: dabbobi suna kiwo. Ajin ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ce kun gani, ba ta saba ganin mutum a duƙe haka ba, lanƙwasar bayan ta bi. Ni ma na buɗe baki kamar mai dariya.

Babana ya rasu ina ƙaramin aji. Gonarmu a wani ƙauye ce ta wajen Illela, ƴar ƙarama, ƙasarta ta gaji, hatsinta ba ya kai mu tsakiyar rani. Saboda haka in an gama yankan gero an ɗaure dammuna, sai ni da Inna mu ɗauki ƙwarya mu shiga gonakin mutane. Mu tsinci zangarniyar da ta faɗi, da ƙananan da aka raina, da waken da ya tsere wa masu roro. Wani mai gona yakan bar mana da gangan, ya kau da kai. Wani kuma ya ce bai gama ba, mu fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƴan ajinmu da ke wucewa bisa amalanken iyayensu. Ba sa cewa komai a lokacin. Sai mun koma lakwal wani ya tambaye ni ko ƙwaryar ta cika.

Da na fara aiki, abu na farko da na hana Inna shi ne kala. Da na yi aure, mijina ya ɗauki nauyin rumbunta, kowace kaka sai ya cika shi. Ta ce ta bari. Na yarda, don na so in yarda. A Malbaza babu wanda ya san wannan tarihin. An san ni da Madamu, matar ma'aikacin kamfani.

Kafin a ba mu hutu, mai koyarwar ya ba mu aiki. Lokacin kaka ne. Ya ce kowa ya ɗauko hotuna da salula a inda yake, gona, kasuwa, bakin rijiya, ya aiko masa. Zai zuba su duka cikin wani tsari da ya rubuta, kwamfuta ta auna su da zane-zanen da muka gani, ta zaɓi wanda siffarsa ta fi kama da kowanne, ta sake zana shi da kanta. Ni na ɗauki motocin siminti da wata mai nono a bakin kasuwa, bayan na roƙe ta. Ban je ƙauye ba a hutun.

Ranar rufe horo aka share ɗakin, aka jera kujeru. Direktocin lakwal sun zo, da wasu manyan ma'aikatan ilimi, da ƴan uwan wasu daga cikinmu. An buga hotunan a manyan takardu an liƙa a bango, kowane tsohon zane da sabon da kwamfuta ta yi a gefensa. Matar nan mai murmushi an haɗa ta da wata mai sayar da albasa, mutane suka taru suna dariya suna cewa wallahi sun yi kama.

Na ƙarshe a kusa da taga yake. A hagu matan nan uku. A dama mace ɗaya a duƙe, an zana ta da siraran layuka masu yawan gaske, kamar an saƙa ta da zare, launinta na tsohon zanen, rawaya da shuɗi mai duhu. Ba fuska. Baya ne kawai, da hannu ɗaya a ƙasa, da ƙwarya a gefe. Abin ya yi kyau, ba zan ce bai yi ba. Na tsaya ina kallo kamar kowa, sai idona ya sauka ga ƙafar hagu. Ta karkata waje, diddigen bai taɓa ƙasa ba. Haka Inna take duƙawa tun da gwiwarta ta taɓa gocewa.

Na ce wa kaina tsofaffi masu ciwon gwiwa suna da yawa.

Mai koyarwar ya kira mutane su matso. Ya ce wannan shi ne ya fi burge shi, don a duk hotunan da aka aiko babu wanda lanƙwasarsa ta hau kan ta matar tsakiya kamar wannan, har kwamfuta ta kusa ɗaukarsu abu guda. Ya ce bari ya nuna mana hoton asali. Ya haska shi a bango, babba, ya fi mutum tsayi.

Zanen da na saya mata a kasuwar Konni da ƙaramar salla ne a jikinta, kore mai ɗigon fari. An ɗauke ta daga baya. Ƙurar gona ta hau ƙafafunta har ƙwauri.

Wanda ya ɗauki hoton abokin aikina ne, malami a wata lakwal ta Malbaza, muna ce masa Mushe kamar yadda yara ke ce masa. Mutumin kirki ne. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Madamu, wajen garinku na same ta, na je ɗaurin aure. Wata baiwar Allah ce, ba ta ma san na ɗauka ba. Ko kin san ta?"

Na ce, "Innata ce."

Ban ɗaga murya ba, amma ɗakin ya ji. Murmushin Mushe ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai kai shi ba. Mai koyarwar ya dubi bango ya dube ni, ya laluba na'urar yana neman kashewa, ya danna wani wuri, hoton ya ƙara girma kafin ya ɓace. Wani daga cikin manyan ya yi gyaran murya ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai, a ci gaba.

Da an bar ni haka da na iya ɗauka. Amma da aka fito shan lemo, malamar nan da ta ce mai murmushi tana ɓoye magana ta kama hannuna ta ja ni gefe. Ta ce a hankali, "Ai da kin faɗa mana halin da ake ciki, da mun haɗa mata ɗan hatsi. Ba abin kunya ba ne." Na ce na gode. Na so in ce mata rumbun Inna cike yake, sai na ga in na faɗa zai zama kamar ina kare kaina, in na yi shiru kuma na amsa. Na ajiye lemon ban sha ba, na fita neman mota.

Kafin in isa Malbaza hoton ya riga ni. Wasu sun ɗauka da salularsu tun yana bango, tsohon zanen da sabon da na asalin, suka tura wa abokai don ya ba su sha'awa. Ba wanda ya yi da mugunta. Mijina ya dawo daga aiki, ya ajiye salularsa a gabana, ya zauna bai cire takalmi ba.

Ya ce, "Wani a buro ya nuna mini. Bai san ko wace ce ba. Ni na gane zanen da ke jikinta."

Na ce, "Ban san tana zuwa ba."

"Akwai abin da na rage mata?"

"Babu."

"To me za a ce da ni a garinku? Surukin da ke aiki a kamfani, uwar matarsa tana tsinta a gonar mutane."

Ba faɗa yake yi ba. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Washegari ya sa aka ɗora buhunan hatsi a mota aka kai ƙauye, alhali babu inda za a zuba su. Na san wannan ma zai zama abin magana, amma ban hana shi ba.

Ranar da babu aji na tafi. Na sami buhunan jingine a zaure, ko kwance bakinsu ba a yi ba. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar wake. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi maigidana, ta tambayi hanya, duk ba ta ɗago ba. Ni ce ƴarta ta fari, ba ta kiran sunana, kuma ba mu saba doguwar magana ba. Na zauna na ja ƙwaryar ina taya ta.

Can ta ce, "An ce ina cikin waya."

Na ce, "E, Inna."

"A rijiya aka hwaɗa mini. Matan gari duk sun gani. Ni kaɗai ban gani ba."

Na fito da salula na nuna mata wanda kwamfuta ta zana, don na ga ya fi sauƙi. Ta riƙe nesa da ido, ta juya shi, ta ce ita ba ta ga kowa ba, zare ne a harɗe. Ta ce in nuna mata wanda mata suka gani. Na nuna.

Ta daɗe tana kallo. Na shirya amsar tambayar da nake tsammani, na shirya tawa tambayar ma, ta me ya sa ta koma bayan ta ce ta bari. Amma ba nan hankalinta ya tafi ba.

Ta ce, "Namiji ya ɗauka?"

"E."

"Shina tsaye bayana, ina duƙe."

Na gyaɗa kai.

"Kuma anka liƙa ga bango, maza na kallo."

Ta ajiye salular a kan tabarma, ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta, ko da yake daga ni sai ita a gidan. Ban taɓa ganin Inna ta ji kunya irin wannan ba. Matar da mai gona ya taɓa kora a gabana, ta fita kanta a ɗage. Duk kwanakin nan ni ina ta juyayin an ga talaucinmu, ban ko tuna cewa tsohuwa ce mai mutunci da aka nuna bayanta a taron maza ba. Na ji wata kunyar ta hau kan ta farko.

Don in kawar da shirun, na nuna mata tsohon zanen. Na ce saboda ta yi kama da waɗannan ne na'urar ta zaɓe ta, kuma zane ne da duniya ke girmamawa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Turawa na kala?"

Na ce, "Da can suna yi."

"Suna da rai?"

"Sun mutu tun da daɗewa."

Ta ce, "To, su sun huta." Ta ci gaba da ɓarar wakenta.

Sai da rana ta yi sanyi na iya tambayarta dalili. Ta ce aminiyarta ce, wata gwauruwa da suka yi kala tare tun ina yarinya, ita ba ta da mai cika mata rumbu. In ta tafi ita kaɗai yara suna tsokanarta, in su biyu ne ba mai kula su. Abin da Inna ta tsinta, rabi ta juye mata, rabi ta ba kaji. Ta ƙara da cewa kuma zaman gida da kaka yana sa mata ciwon jiki. Ba ta nemi in yafe mata alkawarin da ta karya ba, ni ma ban ga fuskar tayar da shi ba.

Da na koma na kira mai koyarwar. Kafin in gama magana ya ce ya riga ya cire takardar daga bango, ya goge hoton a wurinsa. Ya ce laifinsa ne da bai ce a nemi izinin mutane ba, shi lanƙwasa kawai yake nema, ya zama kamar na'urarsa. Amma wanda ya shiga wayoyin mutane ba shi da iko a kansa. Mushe kuwa ya yi mako yana kauce mini a hanya. Daga baya ya zo gida ya sami mijina, suka shirya, ya sayi goro ya hau moto, wato babur, har ƙauye. Inna ba ta fito ba. Daga bayan zana ta amsa sallamarsa, ta ce ba komai, Allah ya yafe mu duka, ta sa aka kai masa ruwa a zaure. Ya ce mini bai taɓa shan ruwan da ya yi masa wuyar haɗiya kamar wannan ba.

Buhunan nan, Inna ta sa aka kai wa aminiyarta biyu da sunan mijina, sauran ta raba. Kakar da ta biyo ba ta fita kala ba. Abin da na yi shekaru ina roƙo, hoto ɗaya ya yi shi. Da aka gaya mini na ji sanyi a raina, sannan na ji kunyar sanyin da na ji, don na san ba don ta huta ta bari ba. Aminiyar ta ci gaba da zuwa ita kaɗai.

Na ci gaba da koya wa yara zane da kwamfuta, kuma suna so. Muna ba ta zanen ƙwarya da na tabarma ta maimaita su ta hanyoyin da ba mu zata ba, muna ba ta hoton motar siminti ta mayar da ita ɗigo-ɗigo. Ina nuna musu zane-zanen Turawan nan ma, in tambaye su abin da suka gani kafin mu tambayi na'ura. Na matan uku ne kawai nake tsallakewa. A ajin akwai yaran da na san za su gane shi da wuri, kuma ban san yadda zan dube su ba in sun yi shiru.

Bara na haihu, Inna ta zo Malbaza zaman jego. Ranar suna gida ya cika, dangin mijina suka zo daga Konni da mai ɗaukar hoto. Aka jera mata a tsakar gida, kowa da sabon ɗinki, aka ce a kira kakar jariri ta zauna a tsakiya. Aka neme ta aka rasa. Na same ta a ɗakin girki ta ja ƙofa, tana zaune a kan turmi da sabon zanenta.

Na ce, "Inna, fuska za a ɗauka. Kowa na ciki."

Ta ce, "Ku yi abinku."

Ban matsa mata ba. Na koma na ce ƙafarta ce ke ciwo, aka yi hoton babu ita. Sai da ta ji tashin moton mai hoton ta fito, ta wanke hannu, ta karɓi jaririn daga hannun yayar mijina, ta zauna da shi a bakin ƙofa har aka kira la'asar.